Kore a Kasuwar Masu Horarwa

Ranar 27 ga Agusta, 2024, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sanar da cewa ta ɗauki Bajamushe Bruno Labbadia a matsayin kocin Super Eagles. Kafin a yi sallar azahar duk mai riƙe da waya ya zama masanin tarihin mutumin: ya horar da Hamburg, ya horar da Stuttgart da Wolfsburg da Hertha Berlin, bai taɓa riƙe tawagar wata ƙasa ba. Masu yabo suka yaba, masu kushe suka kushe. Ba a cika mako guda ba magana ta wargaje. Hukumar, wadda ɗan jiharmu Alhaji Ibrahim Musa Gusau ya hau shugabancinta a watan Satumba na 2022, ta ce dokokin harajin Jamus ne suka hana ruwa gudu, aka miƙa wa Augustine Eguavoen riƙon ƙwarya. Ashe an raba goron ɗaurin aure ne tun ba a yanka sadaki ba.

Ba a kan Labbadia aka fara ba. A watan Yuli na 2016 an ambaci Bafaranshe Paul Le Guen, shi ma bai zo ba, sai a watan Agusta aka ɗauko Gernot Rohr. Kuma kada wani ya ce wannan halin Najeriya ne kaɗai. A Amurka, inda ake buga wata ƙwallo mai kama da zari-ruga a ƙarƙashin gasar NFL, ƙungiyar Indianapolis Colts ta sanar da Josh McDaniels a matsayin sabon kocinta ranar 6 ga Fabrairu, 2018, kafin dare ya raba ya ce ya fasa, zai ci gaba da zama a New England. Akwai mataimakan da suka riga suka sa hannu a kwantiragi saboda shi, suka wayi gari maigidan da ya kira su ba ya nan.

Su Amurkawa har suna suka sa wa wannan lokaci. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma Litinin ɗin da ke biyo bayan wasan ƙarshe na kaka, a farkon Janairu, ita suke kira Baƙar Litinin, saboda ranar ce ake sallamar kociyoyi. Daga nan sai makonni na raɗe-raɗi: an ga wane a filin jirgin sama, ƙungiya kaza ta nemi izinin ganawa da wane, wane ya koma zagaye na biyu. Mu ma muna da namu, da zarar an rufe gasar Firimiyar Najeriya aka fara tambayar wa zai riƙe Kano Pillars ko Katsina United a kaka mai zuwa. A gidajen kallon ƙwallo na Gummi da Anka da Bukkuyum, lokacin da babu wasa a talabijin, wannan ita ce hirar da ke riƙe benci.

Ni dai ba sakamakon wasa ne ya dame ni a nan ba. Tambayar da nake so mu tauna ta fi ƙwallo faɗi, domin ta shafi duk wanda ya taɓa goge takalminsa ya tafi neman aiki: idan ka kira mutum intabiyu alhali ka riga ka yanke wanda za ka ɗauka, ka zalunce shi ko ba ka zalunce shi ba? Ba ka karɓi kuɗinsa ba. Ba ka yi masa alkawarin aiki ba. Ka ba shi kujera da ruwan sanyi, ka yi masa tambayoyi cikin mutunci. To ina laifin?

Labarin da ya fi fito da wannan tambaya fili shi ne na Brian Flores. Baƙar fata ne, ya riƙe Miami Dolphins shekara uku, a biyun ƙarshe wasannin da ya ci sun fi waɗanda aka cinye shi, amma aka sallame shi a Janairun 2022. New York Giants ta gayyace shi ganawa. Saura kwana uku, sai ga saƙon tes daga tsohon maigidansa Bill Belichick yana taya shi murna, wai ya ji shi za a ba aikin. Flores ya yi mamaki, tunda ko zama ba a yi da shi ba, ya tambaya ko dai da wani Brian ɗin ake nufi. Nan Belichick ya gane ya yi ɓatan kai: Brian Daboll yake nufi, wani tsohon yaronsa, farar fata. Ranar 1 ga Fabrairu, 2022, Flores ya shigar da ƙara a kotu, yana zargin gasar da wasu ƙungiyoyinta da nuna wariyar launin fata, yana cewa ganawar da aka yi da shi ta cika sharaɗi ce kawai. Giants ta musanta, ta ce ba ta yanke hukunci ba sai da ta gama ganawa da kowa. Ba ni ne alƙali ba, ba kuma zan yanke abin da kotu ta ɗebi shekaru tana jujjuyawa ba. Amma sharaɗin da yake magana a kai gaskiya ne akwai shi. Tun 2003 gasar ta kafa dokar da ake kira Dokar Rooney, da sunan Dan Rooney mai ƙungiyar Pittsburgh Steelers, wadda ta tilasta wa kowace ƙungiya ganawa da ɗan takara daga tsirarun jinsi kafin ta naɗa babban koci, saboda yawancin 'yan wasan baƙaƙe ne amma kociyoyin kusan duk farare.

Wanda ya taso a gefen kara, inda ake cinikin shanu da tumaki, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai sa ya tsaya da dillalinsa, mai saye ya taya, an ce albarka. Sai ga wani ya ɓullo daga gefe, ya zagaya san, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗora dubu ashirin a kan tayin farko. Ba saye zai yi ba, ko kuɗin akuya babu a aljihunsa, an dai shirya da shi ne domin mai saye na gaskiya ya tsorata ya ƙara. Wannan shi ne kore, wanda littattafan fiƙihu ke kira najashu, kuma hani a kansa ya tabbata a hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito. Malaman Malikiyya sun ce idan da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin ya mayar da kayan. Abin lura shi ne, ɗan kore bai faɗi ƙarya a kan san ba. Bai ce lafiyayye ne alhali gurgu ne ba. Ƙaryarsa tana cikin tsayuwarsa a wurin a matsayin mai saye. Tayi magana ce mai ɗauke da niyya, shi kuwa ya furta maganar ya bar niyyar a gida.

Intabiyun da aka riga aka san sakamakonsa kore ne da aka juya. A kara, mai saye na ƙarya ake kawowa domin a ruɗi na gaskiya. A ofis kuwa, mai neman aiki na gaskiya ake kawowa, a tsayar da shi a matsayin ɗan kore ba tare da saninsa ba, domin a nuna wa hukuma ko jarida ko magoya baya cewa an yi takara. Ɗan koren kasuwa aƙalla ya san aikin da yake yi, har la'adarsa yake karɓa. Wannan kuwa da kuɗin motarsa ya zo. Gayyata zuwa intabiyu tana cewa ne: ban gama yanke shawara ba, abin da za ka faɗa yana iya sauya ra'ayina. Idan ba haka abin yake a zuciyarka ba, ka yi ƙarya ko da duk kalmomin da ke cikin wasiƙar gayyatar gaskiya ne ɗaya bayan ɗaya.

Flores jirgin sama ya hau, an kuma sauke shi a otal. A wajenmu farashin ya fi haka nauyi. Yaron da ya gama NCE ko digiri, yana zaune a Tungar Guru, ya ga sunansa a jerin waɗanda aka kira tantancewa a Gusau ko Abuja. Za a sayar da tunkiya ko buhun gero a haɗa masa kuɗin mota. Zai bi hanyar Anka, wadda kowa ya san halin da take ciki a shekarun nan, uwarsa ba za ta runtsa ba sai ya kira ya ce ya sauka lafiya. Idan guraben an riga an raba su tun kafin a buga sanarwa, to wanda ya kira shi ya sa ran ɗan mutane a kan hanya domin fayil ɗinsa ya cika. Ban san sunan da za a kira wannan da shi ba in ba zalunci ba.

Sai dai akwai masu ja, kuma jansu ba na banza ba ne.

Na farko su ce: wane mai ɗaukar aiki ne ke shiga ɗakin intabiyu da zuciya fara fat? Kowa yana da wanda ya fi kwanta masa. Idan son wani a zuciya shi ne kore, to babu intabiyun halal a duniya. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ma fiƙihunmu ya riga ya yi aikin rarrabewa, a babin neman aure. An hana mutum ya yi nema a kan neman ɗan'uwansa. Amma Imamu Malik ya bayyana cewa hanin yana farawa ne idan mace ta riga ta karkata ga na farko, magana ta kai ga daidaitawa. Kafin nan ƙofa a buɗe take, shi ya sa lokacin da Mu'awiya da Abu Jahm suka nemi Faɗimatu 'yar Ƙaisu, ta kai shawara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce ɗayansu ya yi laifi ba, sai ma ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Wato akwai tazara tsakanin sha'awa da karkatar da ta rufe magana. Uban da ke da wanda ya fi so a cikin manema 'yarsa amma yana sauraron kowa bai yi laifi ba. Wanda ya riga ya karɓi sadaki a ɓoye, yana kuma barin wani saurayi yana kawo toshi duk Juma'a, shi kowa a gari ya san sunansa.

Pittsburgh ɗin da aka sa wa dokar sunan mai ita ta nuna yadda buɗaɗɗiyar ƙofa take. A 2007 kowa ya ɗauka ɗaya daga cikin manyan mataimakan cikin gida, Russ Grimm ko Ken Whisenhunt, zai gaji kujerar. Sai aka ba Mike Tomlin, baƙar fata ɗan shekara 34 wanda shekara ɗaya tak ya yi yana jagorantar masu tsaron baya a Minnesota. A kakarsa ta biyu ya ɗauki kofin Super Bowl. Ba shi ne na gaba a zukata ba ranar da ya shiga ɗakin, amma ɗakin yana da kunne.

Ja na biyu ya fi wuya. Su ce: doka ce ta jawo. Da ba a tilasta wa ƙungiya ganawa da wani ba, da ta ɗauki wanda take so kai tsaye, babu wanda aka ɓata wa lokaci. Haka ma'aikatar da ƙa'ida ta ce dole ta buga talla ta tantance mutane. Laifin na mai dokar ne ke nan, ba na wanda ya bi ta ba. Ina ganin rabin gaskiya a nan. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa duk abin da ka ce na'ura ta ƙirga, shi mutane za su kawo mata. Ka ce fom ba zai wuce ba sai an cike gurbin lambar waya, za a cike maka shi da sifili goma sha ɗaya. Doka tana iya ƙirga zama nawa aka yi, ba ta iya ƙirga sauraro. Amma wanda ya zuba sifilin ya san me gurbin ke nema, ya kuma zaɓi ya ba shi abin da ba shi ba. Dokar Rooney ba ta ce a zaunar da baƙar fata a kujera na awa biyu ba, cewa ta yi a duba shi. Wanda ya ga dokar ba ta yi masa ba yana da hanya mai tsabta: ya karya ta a fili ya biya tara. An taɓa yin haka. A 2003 an ci shugaban Detroit Lions, Matt Millen, tarar dala 200,000 saboda ya ɗauki Steve Mariucci ba tare da cika sharaɗin ba. Ya ce ya gayyaci wasu baƙaƙen kociyoyi suka ƙi zuwa, domin sun ga aikin da mai shi. A ganina tarar nan ta fi sauƙi a ma'aunin lahira a kan a samu wani bawan Allah ya zo ya zauna a yi wasan kwaikwayo da shi.

Yanzu bari mu juya tabarmar, domin kociyoyin ma ba waliyyai ba ne. Sau nawa ake jin sunan koci ya bayyana a jarida cewa wata ƙungiya na zawarcinsa, bayan mako biyu sai a ji ya sabunta kwantiragi a inda yake da ƙarin albashi? Wani lokaci zawarcin gaskiya ne. Wani lokaci kuwa wakilinsa ne ya raɗa wa ɗan jarida, ita ƙungiyar da aka ambata ba ta ma san ana yi ba. Wannan shi ne kore tsantsa irin na kara, babu ko juyi. Mu ma a sana'armu ana yi: mutum ya je intabiyu a kamfanin da ba ya da niyyar komawa, ya karɓo takardar tayin albashi, ya kawo wa maigidansa domin a ƙara masa. Abokai da yawa suna ganin wayo ne. Ni ina ganin idan da gaske zai iya tafiya in ba a ƙara ba, ciniki ne halal. Idan kuwa ya san ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai tafi ba, to ya mayar da mutanen wancan kamfani 'yan korensa, ya cinye musu yini, wataƙila ma an ce wa wani mai buƙata ya dakata saboda shi.

Amma kada wannan ya sa a ɗora wa mai neman na kansa laifin da ba nasa ba. Stephen Keshi ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2013. A tsakiyar 2015 sunansa ya fito a jerin masu neman aikin horar da Kwaddebuwa. Ya ce ba shi ya nema ba. A watan Yuli hukumar ta sallame shi, tana cewa ba ta ga cikakkiyar sadaukarwa a tare da shi ba. To mu ajiye wannan a gefe ɗaya, mu ɗauko Shu'aibu Amodu a ɗaya gefen. Sau biyu yana kai Najeriya gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun kuma ana karɓe tawagar daga hannunsa kafin a tafi, a ba Festus Onigbinde a karon farko, a ba Lars Lagerbäck ɗan Suwidin a na biyu. Shi kansa Keshi haka Togo ta yi masa a 2006. Finidi George, wanda ya ci gasar Firimiya da Enyimba a 2023, an naɗa shi a ƙarshen Afrilun 2024, bayan kunnen doki da Afirka ta Kudu da shan kashi a hannun Benin a watan Yuni sai ya ji hukuma na cewa za ta kawo Bature a samansa, ya ajiye aikin. A ƙungiyoyin jihohi kuwa, wa'adin wasa uku da bashin albashi na watanni ba baƙon labari ba ne. Idan maigida yana da damar leƙa kasuwa kullum yana neman wanda zai maye gurbinka, da wane baki zai kira ka maci amana don an ga sunanka a wata takarda? Amana igiya ce mai baki biyu. Wanda bai biya albashi ba ya riga ya saki nasa bakin.

Saura mu 'yan benci. Kore ba ya ci sai da taron jama'a, domin ɗan kore don idon mutane yake yi. A da sai an jira jaridar gobe ko shirin wasanni na rediyo. Yanzu shafi ne a Facebook ko X, wanda kuɗinsa ke zuwa daga yawan waɗanda suka danna, kuma na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna maka ba ta san gaskiya da ƙarya ba, ta san dai abin da ke tsayar da yatsa. Labarin cewa koci na nan daram ba ya tsayar da yatsan kowa. Labarin cewa an gan shi a otal da shugaban wata ƙungiya yana yi. Idan muka tura shi zuwa rukunin WhatsApp muka rubuta “wai” a gaba, muna jin mun wanke hannunmu. Amma akwai mutumin da ke kan kujerar da ake cewa za a ba wani, yana da mata da 'ya'ya masu waya, yana da 'yan wasan da gobe zai ce su yi gudu su kuma dube shi a matsayin wanda kwanansa ya ƙare. Jita-jitar sallama tana iya zama sanadin sallamar, tunda ɗan wasa ba ya karya ƙafarsa saboda kocin da ya ji an ce zai tafi.

Akwai wuri ɗaya da har yanzu nake jin nauyin ɓangarorin biyu kusan daidai, wato abin da ya kamaci wanda aka gayyata idan ya gane wasan. Kociyoyin da suka ƙi amsa kiran Detroit a 2003 sun tsare mutuncinsu, kuma ƙin nasu ne ya tona abin har aka ci tara. Da kowa zai yi haka, da kore ya mutu, domin ba a yin sa sai da jikin mutum. Amma wanda ya ƙi zuwa ya rufe wa kansa ƙofar da wataƙila ba a kulle take ba sosai, ya kuma ba masu ɗauka hujjar cewa sun nema ba su samu ba. Wanda ya je kuwa, ko bai samu ba, an ji muryarsa, wani a cikin ɗakin yana iya tuna shi bayan shekara biyu a wata ƙungiyar. Na fi karkata ga cewa mai ƙarfi, wanda ke da abin da zai ci gobe, shi ya kamata ya ƙi, domin ƙinsa yana kare na bayansa. Yaron Tungar Guru da aka sayar da tunkiya dominsa ba zan iya ce masa ya zauna gida saboda zato ba, ko da zaton ya yi ƙarfi.

Flores yana cikin masu ƙarfin, kuma saƙon Belichick na cikin wayarsa. Duk da haka ya shirya ya je, ya zauna da shugabannin Giants ranar 27 ga Janairu, 2022, ya amsa tambayoyinsu. Washegari aka sanar da Brian Daboll.